Mako ɗaya a Tokyo da dala 800: ina zan kwana, me zan ci?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san Japan su taimaka min da shawara. Cikin watan Oktoba in Allah Ya kai mu zan je wani baje kolin injuna a Tokyo Big Sight, mako ɗaya zan yi. Kuɗin jirgi na ware su daban. Abin da ya rage min na masauki da abinci da zirga-zirga bai wuce dala 800 ba. Na leƙa farashin otal-otal ɗin da ke kusa da wurin taron, wallahi sai da gabana ya faɗi. Wani yaro a shagona ya ce in kama kafsul, wato otal ɗin da ake kwana cikin ɗan akwati mai cin mutum ɗaya, wai shi ne mai araha. Kuɗin nan za su isa, ko in yi zamana a Kano?

Abba Chiba: Wa'alaikumus salam Baba. Za su isa in an yi dabara. Dala tana kai-kawo wajen yen 150, ka ga kana da kusan yen 120,000 ke nan. Abin da zai cinye kuɗin gado ne, ba abinci ko jirgin ƙasa ba. Tun da yen ta yi rauni baƙi suka yi wa ƙasar ca, a 2024 kaɗai mutum kusan miliyan 37 suka shigo, masu otal kuwa suka ɗaga kai. Kafin mu yi nisa, a wane fili za ka sauka?

Baban Ummi: Narita. Ethiopian zan bi daga Kano, ta Addis Ababa, su ya da zango a Seoul.

Abba Chiba: To Narita ba a cikin Tokyo yake ba, a jiharmu ta Chiba yake, wajen kilomita 60 daga tsakiyar birni. Kada ka kuskura ka kalli tasi, ta haura yen 20,000. A jiragen ƙasa, Narita Express wajen 3,000 ne, Skyliner na kamfanin Keisei wajen 2,600 zuwa Ueno cikin minti 41. Amma Keisei ɗin suna da jirgin gama-gari da ke bin tsohon layi, yen dubu ɗaya da 'yan kai, sai dai ya ɗauke ka awa ɗaya da minti ashirin haka. Mutumin da ya kwana a sama daga Addis, ƙarin minti arba'in ba zai kashe shi ba.

Injiniya Bash: Alhaji yaron shagonka ya faɗa maka gaskiya. Ni kafsul nake kwana duk zuwan da nake yi, daga yen 3,500 zuwa 5,000 a dare. Tsaf-tsaf, ga tawul, ga kayan barci, ga intanet, ga loka. Mutumin da zai fita tun bakwai na safe ya dawo goma na dare me zai yi da ɗaki? Ba yau Japanawa suka fara ba, tun 1979 aka buɗe na farko a Osaka saboda ma'aikatan da jirgin ƙarshe ya tafi ya bari. Da abin kunya ne da bai kai yanzu ba.

Maman Sadiq: Injiniya ka faɗa masa duka mana. Ka gaya masa tsayin abin bai wuce mita ɗaya ba, zama kake iya yi amma ba tsayuwa. A ina zai yi salla? Ka gaya masa babu ƙofa sai labule, kuma ba a kullewa. Maigidana ya kwana a wani a unguwar Shinjuku, ya ce ji ya yi kamar an sa shi a kabari an bar masa fitila. Na sama yana minshari, na gefe yana tari, shi kuma yana tsoron sa ƙararrawar asuba kada ya tashi mutum arba'in. Da safe aka ce kowa ya kwashe kayansa ya fita za a yi shara, sai yamma a dawo, alhali ya biya kwana biyu a jere.

Injiniya Bash: Hajiya ba duka ke korar mutane da rana ba, a shafin kama ɗaki suna rubutawa. Salla kuma ni a lungun wajen loka nake shimfiɗa darduma, babu wanda ya taɓa ce min uffan.

Maman Sadiq: Wanka fa?

Injiniya Bash: Wannan kam sai an duba. Tsofaffin da yawa wankan taro ne, kowa tik a babban kwarmi ɗaya. Sababbin suna da shawa mai ƙofa. Ni sai na ga hoton banɗakin kafin in biya.

Baban Ummi: Subhanallahi. Wankan taro da furfurata? A'a Injiniya, a kai kasuwa.

Alhaji Na-Gwanjo: Ku matsa yara in yi magana. Na daɗe ina zuwa ƙasar nan sayen injin mota da gyabos, kuma ban taɓa shiga akwatin nan ba. Baban Ummi, rubuta wannan sunan: Minami-Senju. Arewa maso gabashin birni ne, bayan Ueno kaɗan. Unguwar da ke kudu da tashar ana ce mata Sanya, ko da yake hukuma ta cire sunan daga taswira tun shekarun 1960. Asalinta unguwar leburori ce, masu aikin gini na kullum-kullum, waɗanda suka yi wa Tokyo aikin ƙarfi lokacin da take tashi. Gidajen kwanansu ƙananan ɗakuna ne reras. Da leburorin suka tsufa aiki ya ja baya, sai masu gidajen suka fara karɓar baƙi 'yan waje, musamman daga gasar cin kofin duniya ta 2002.

Ɗakin tabarma uku ne irin tasu ta tatami, wato bai kai murabba'in mita biyar ba. Babu gado, katifa ce ta ƙasa da bargo. Amma ɗakinka ne kai kaɗai, da ƙofa da mukulli da na'urar sanyi da ɗumi. Da asuba ka naɗe katifar ka tura ta bango, wurin darduma ya samu har da na ajiye jaka. Takalmi a bakin ƙofar gida ake cire shi a sa a kanta, a ba ka silifa, banɗaki ma da nasa silifan daban, kada ka manta ka fito da shi falo su yi ta kallon ƙafarka. Akwai kicin na kowa da kowa, da tukunyar dafa ruwa da firji. Ni tsakanin yen 3,000 da 4,500 nake biya. Kuɗin kafsul ke nan, ko ƙasa da haka.

Abin da ba zan ɓoye maka ba: unguwar ba ta da ƙyalli. Za ka ga tsofaffi zaune a bakin titi da gwangwanin giya tun da hantsi. Ba ruwansu da kowa, gaisuwa ma suke yi. Wasu gidajen suna rufe ƙofa da dare, wasu shawarsu tana da lokaci. Ka tambaya kafin ka biya.

Abba Chiba: Alhaji ya gama magana. Kuma hanyar ta dace da Narita: jirgin Keisei ka sauka a Nippori, ka hau layin Joban, tasha ta biyu ita ce Minami-Senju. Zuwa Big Sight kuma, wasu jiragen Joban suna wucewa kai tsaye har Shimbashi, daga nan ka hau Yurikamome, jirgin da ba shi da direba, ya tsallaka da kai gadar Rainbow. Duka bai kai awa ɗaya ba, wajen yen 600 zuwa, 600 dawowa.

Alhaji Na-Gwanjo: Ga masallaci kuma. Darul Arƙam na Asakusa da ƙafa nake zuwa daga masaukina. Akwai As-Salaam a Okachimachi kusa da Ueno. Ranar Juma'a in kana da sarari ka je Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, na Turkawa, wanda aka sake ginawa a 2000, ka ga gini. Ka lura alƙibla a can yamma ce, ta ɗan karkata arewa. Mu da muka saba fuskantar gabas sai jiki ya riƙa gardama. A Oktoba magariba wajen biyar take yi, sai ka shirya azahar da la'asar ɗinka tun kana wurin taro.

Ummu Hanan: Ni fa ban yarda da wannan wahalar ba. Araha ba ta ado. Mutum zai je ganin kamfanoni, zai sa kaya masu guga, watakila ma wani ya ce zai biyo shi masauki su ƙarasa magana. A ce masa ya zo unguwar leburori? Ka kama otal irin na ma'aikata, su Toyoko Inn ko APA ko Super Hotel. Ɗakin ƙarami ne, in ka buɗe babbar jaka sai ka tsallake ta, amma banɗakinka a ciki yake, da masai mai feshin ruwa, ba ka neman buta. Toyoko Inn har karin kumallo suke bayarwa kyauta.

Alhaji Na-Gwanjo: Hajiya Bajafane ba ya biyo ka ɗaki. Ko ofishinsa, ko wurin shan kofi. Nawa kika biya?

Ummu Hanan: Wajen yen 10,000 a dare, a Kamata.

Alhaji Na-Gwanjo: Sau bakwai 70,000. Fiye da rabin kuɗin bawan Allah ya tafi a barci.

Abba Chiba: Ku bari in sa lissafin a ƙasa kowa ya gani. A tsarin Alhaji: ɗaki 4,000 sau bakwai 28,000, abinci 2,500 a rana 17,500, zirga-zirga 1,500 a rana 10,500, filin jirgi zuwa da dawowa 2,500, layin waya na intanet wajen 3,000. An tashi a 61,500, saura kusan rabi. A tsarin Anti, ka cire 28,000 ka sa 70,000, an tashi a 103,500, saura 16,500 na tsaraba da abin da ba a fata. Duka biyun suna shiga cikin 120,000, sai dai ɗaya da numfashi, ɗaya a maƙure.

Amma Anti tana da hujja ɗaya mai ƙarfi: Kamata tasha biyu ce daga Oimachi, daga Oimachi kuma layin Rinkai zai kai ka Kokusai-Tenjijo, bakin Big Sight, cikin minti goma da 'yan kai. Wanda ƙafarsa ko bayansa ke ciwo, wannan kusancin kuɗi ne shi ma.

Abu na biyu, farashin otal a nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ɗakin da ka gani 9,000 ranar Talata, daren Asabar sai ya koma 16,000 ko fiye. Ƙananan gidajen Minami-Senju ba su cika wannan tsalle ba. Wanda yake son duka biyun sai ya yi ranakun taro a otal, ƙarshen mako ya koma ɗakin tabarma. Harajin kwana na Tokyo ba abin damuwa ba ne, ɗakin da bai kai 10,000 ba ba a karɓar komai a kansa.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ma ina bin zancen nan, don ina da niyya baɗi. Wani ya ce mini in sayi JR Pass, tikitin baƙi na jiragen ƙasa na kamfanin JR, tun daga gida, wai da shi jirgi kyauta ne ko'ina. Gaskiya ne?

Abba Chiba: Da can ya fi daɗi, Yaya. A Oktoban 2023 suka ɗaga na kwana bakwai daga yen 29,650 zuwa 50,000. Jirgin ƙasa mai tsananin gudu, Shinkansen, daga Tokyo zuwa Kyoto wajen 14,000 ne, zuwa da dawowa 28,000, ka ga ko da za ka je Kyoto ka dawo bai biya kansa ba. Wanda zai zauna cikin Tokyo kuwa asara ce tsagwaronta. Katin Suica ko Pasmo kawai za ka yanka, ka zuba masa kuɗi, kana taɓawa a ƙofar tasha kana wucewa, har a shago ana biya da shi.

Injiniya Bash: Akwai kuma tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa na baƙi, na awa 24 da 48 da 72. Lokacin da na saya na awa 72 yen 1,500 ne, ka yi ta hawa yadda ka ga dama.

Abba Chiba: Yana da kyau ga mai yawon buɗe ido. Ga Baba kam a ranakun taro ba zai yi aiki ba, don jiragen kamfanonin Tokyo Metro da Toei kaɗai yake ɗauka. JR mai layin Joban da Yurikamome da Rinkai duk kamfanoni ne daban, kowa da ƙofarsa da kuɗinsa. Wannan shi ke ruɗa baƙo: taswira ɗaya, masu jiragen da yawa, duk canjin kamfani sabon biya.

Sarkin Yawo: Me ya sa ba zai sauka can wajen gari ba, Saitama ko cikin Chiba? Na ga ɗakuna a 5,000 da banɗakinsu.

Abba Chiba: Ni da ke zaune a can nake gaya maka. Abin da ka rage a ɗaki za ka mayar a jirgi, ka ƙara da awa biyu ko uku a hanya kullum. Ga cunkoson safe daga bakwai da rabi zuwa tara, wanda ko hannu ba ka iya ɗagawa. Kuma jirage suna tsayawa wajen sha biyun dare sai biyar na asuba. In na ƙarshe ya wuce ka, tasi da ƙarin kashi 20 na dare ne, kuɗin kwana uku ya tafi.

Baban Ummi: Allah Ya saka da alheri, na fara ganin hanya. Batun abinci kuma da sauƙi, uwargida ta ce za ta yi min dambun nama da kilishi mai yawa, sai in riƙa haɗawa da burodi.

Abba Chiba: Baba don Allah a'a! Ko gram ɗaya kada ka ɗauko. Japan ba ta barin a shigo da nama daga ƙasashenmu, ɗanye ko busasshe ko soyayye. Akwai karnuka masu shinshina jaka a wajen ɗaukar kaya a Narita. Tun 2020 suka tsananta, tara tana kaiwa yen miliyan 3 ko ɗaurin da zai kai shekara 3. Mafi sauƙin abin da zai faru a ƙwace a zubar kana kallo. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa ma haka. Magunguna kuma, duk mai kodin ko irin na mura masu ƙarfi ka bar shi a gida, wanda likita ya rubuta maka ka riƙo takardarsa.

Maman Sadiq: Ka ce wa uwargida ta soya maka cincin ta daka yaji, ta sa garin kwaki da suga. Waɗannan mun shiga da su, mun rubuta a takardar kwastam, babu wanda ya hana. Sauran kuma ga yadda muka yi. Da safe shagon konbini, su 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, kowane lungu akwai: dafaffen ƙwai, ayaba, madara, da curin shinkafar nan onigiri, ɗaya yen 150 zuwa 200. Na gishiri zalla ko na kifi muke ɗauka, mu haska bayan ledar da Google Translate mu karanta abin da ke ciki. Da rana shagunan kebab na Turkawa a kasuwar Ameyoko da ke Ueno, 600 ko 700 ka ƙoshi. Da dare mu shiga babban kanti bayan ƙarfe takwas, lokacin da ma'aikaci ke zagayawa yana manna takardar ragi a kan kifi da shinkafar da ba a sayar ba. Za ka ga tsofaffin mata suna bin sa a baya a hankali, kowa na jiran ya manna ta rabin kuɗi. Ni ma na shiga layinsu.

Ruwan famfo ana sha, ka riƙe gorarka. Ba a ba da na goro a gidan abinci, in ka bar canji ma biyo ka za su yi da shi.

Alhaji Na-Gwanjo: Tunda akwai kicin, ka je babban kantin Gyomu Super, suna da kazar Burazil daskararra mai tambarin halal da araha. Shinkafa dafaffiya ta roba kuma minti biyu a na'urar ɗumama abinci. Da yajin uwargida an gama. Kayan miya irin namu sai Shin-Okubo, akwai layin shagunan Musulmi dab da tasha.

Injiniya Bash: Ni dai su Yoshinoya da Sukiya nake shiga, shinkafa da naman sa yen 500. Ba alade ba ne ai.

Maman Sadiq: Wa ya yanka? Romon fa, ka san abin da aka zuba? Yawancin miyarsu da mirin ake yi, giyar girki ce. Taliyar ramen kuwa mafi yawa romon ƙashin alade ne, ko da kaza ka gani a sama.

Injiniya Bash: Hajiya malamai sun yi magana a kan abin da ya ƙone a wuta...

Admin: Injiniya, Hajiya, wannan sai a zauren fatawa. Kowa ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. A dawo kan kuɗi.

Ɗan Maraɗi: To kuɗin, da wane iri za a tafi? Sefa tana canzuwa can?

Alhaji Na-Gwanjo: Ba sefa ba naira. Dala ko yuro za ka riƙe, sababbin takardu marasa yagewa. Ka canza kaɗan a filin jirgi, na kwana biyu. In kana da katin asusun dala, injin cire kuɗi na 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katin waje. Kada ka dogara da kati kaɗai, ƙananan masaukai da shaguna da yawa tsaba suke so, kuma Suica ta roba da tsaba ake zuba mata a tasha. Fasfo kuma kullum a jikinka, doka ce, masauki ma sai sun ɗauki hotonsa.

Ummu Hanan: Tunda an zo nan, mu huɗu muke son komawa da yara hutun ƙarshen Afrilu. Kama gidan haya ta manhajar Airbnb ya fi mana?

Abba Chiba: Anti ki sauya lokaci in da hali. Daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu hutun Golden Week ne, duk ƙasar tafiya take yi. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu kuma furen sakura, nan ma tsada. Tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu ne araha in kina jure sanyi, sai Yuni da ruwan sama. Ga mutum huɗu gida ya fi, don otal a nan da yawa kan mutum suke ƙirgawa ba ɗaki ba. Sai dai tun dokar 2018 duk gidan haya na baƙi sai da lambar rajista, in ba ki ga lambar a tallan ba ki wuce. Ki duba kuɗin shara da suke ɗorawa a ƙarshe, shi ke ɓata lissafi.

Baban Ummi: Na duba yanzu, na samu ɗaki a Minami-Senju a yen 3,800, ana iya fasawa kyauta har kwana uku kafin ranar. Na kama, don ina buƙatar takardar a cikin kayan neman biza. Injiniya ka yi haƙuri.

Injiniya Bash: Ba komai Alhaji. Da rarar kada ka biya kuɗin hawa hasumiyar Skytree, ka je ginin gwamnatin birni a Shinjuku, hawa na 45, kallon gari kyauta ne. In sama ta washe da safe har dutsen Fuji ana hangowa.

Alhaji Na-Gwanjo: Ka rubuta musu ka tambaya ko akwai lif, da yawansu babu, matakalar kuma a tsaye take. In babu, ka roƙi ɗakin ƙasa. Ka kuma gaya musu lokacin saukar jirginka, don wasu mai karɓar baƙi yana tashi tun tara ko goma na dare. Kan caja ma ka nemi mai baki biyu faffaɗa tun a Sabon Gari, namu mai uku ba ya shiga bangonsu.